Kundin aikin mai: sa wa asid hula kafin ya shiga na'ura

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Malam ya ce duk abin da ban rubuta ba, a wurinsa ban yi shi ba, don haka na buɗe wannan kundi. Aikin da ke gabana shi ne in gano ire-iren asid ɗin da ke cikin mayukan da muke girki da su ko muke shafawa, da kason kowanne. Samfura biyar na tara: man gyaɗa da Gwaggo ta matse a gabana ranar da take ƙuli-ƙuli, wani man na kwalba da na saya a kasuwa da sunan man gyaɗa, man kaɗe da aka kawo mini daga Jihar Neja, man 'ya'yan kuka, sai man shanu na Fulani.

Na'urar da za ta yi rabon, GC, siririn bututu ne a naɗe cikin tanda, tsawonsa mita 30, raminsa kwatan milimita. Ana tsira masa samfur da sirinji, zafi ya mai da shi tururi, iskar gas ta kora shi. Mai sauƙi ya riga fita, mai nauyi ya biyo baya, kowanne ya fito sai ya bar tudu a allon kwamfuta. Sai dai mai yadda Allah ya yi shi ba ya shiga wannan tseren. Kowace ƙwayarsa giliserol ce da asid uku a rataye a jikinta, ta yi nauyin da ba za ta tashi ba a zafin da bututunmu zai iya ɗauka. In kuma an tsinke asid ɗin an bar shi haka, kansa ɗanko gare shi, yana manne wa bango, tudunsa ya fito da doguwar jela. Shi ya sa ake tsinke shi a sa masa hula, wato a ɗaura masa metil a ka ya zama metil esta, abin da 'yan ɗakin gwaji ke kira FAME. Sa hular nan ita ce rabin aikina.

Wani abin da ya ba ni sha'awa, da asid ɗin mai aka yi wa na'urar wankan jego. A 1952 ne A. T. James da A. J. P. Martin suka fara nuna wannan hanya a Landan, kuma ƙananan asid masu saurin tashi suka raba, ba tare da hula ba. Su ma jelar ta dame su, har sai da suka cuɗa asid ɗin siteyarik a cikin man da ke bututun kafin tuddan su miƙe.

Alhamis, 11 ga Janairu

Wanke-wanke kawai. Kwalaben gwaji goma sha biyu masu murfin Teflon, an ɗauraye da hegzen, ruwan sinadarin da ke narkar da mai, an gasa a tanda. Metanol, ruwan da ake samo hular metil daga gare shi, na zuba masa tsakuwoyin tsotse ruwa, ya kwana biyu a rufe. Ruwa shi ne babban magabcin wannan aiki, kuma hunturun da ya farfasa mini leɓe ya zame mini ɗan'uwa: iskar ɗakin a bushe take ƙamas.

Talata, 16 ga Janairu

Gwajin farko, da man Gwaggo, ta hanyar da ta fi kowace sauƙi. Miligiram 100 na mai a mililita 2 na hegzen, a ɗiga mililita 0.1 na KOH, sinadari ɗan'uwan ruwan toka, mai ƙarfin mola 2 a cikin metanol, a rufe, a girgiza minti ɗaya. Da farko ruwan ya dagule kamar farau-farau, can sai ya washe, giliserol ya kwanta a ƙasa ɗan ɗigo. Ba wuta, ba dahuwa. Na ƙara ruwan gishiri, na kwashe na saman, na bi da shi ta sodiyum salfet busasshe don ya tsotse danshi, sai allura.

Kafin nan mun fara tsira gaurayen kamfanin Supelco mai sanannun esta 37, domin a san lokacin fitar kowa. Bututunmu irin wanda ake kira "wax" ne, wanda ke jera su bisa tsawo, wato yawan kabon, sannan bisa yawan ɗauri biyu da ke tsakanin kabon ɗinsu: siteyarik, oleyik, linoleyik, linolenik, duka masu kabon 18, a bi da bi.

Man Gwaggo ya fito tsaf. Falmitik ɗan madaidaici, oleyik ya yi wa kowa rata, linoleyik na biye. Na ɗauki hoton allon na aika gida, aka ce Gwaggo ta duba ta ce ita dai tsaunuka take gani, amma in sun ce manta mai kyau ne to sun yi gaskiya.

Laraba, 17 ga Janairu

Murna ta koma ciki. Na tsira hegzen zalla da safe don duba tsaftar na'ura, sai ga tuddai biyu masu faɗi, kamar raƙumi ya durƙusa, a inda bai kamata a ga komai ba. Na ɗauka hegzen ɗin ne ya gurɓata, har na fara shirin zubar da kwalbar.

Baba mai kula da na'ura ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "'Yata, jiya minti nawa kika bar ta?"

Na ce ashirin, Baba.

"To ai baƙinki ne suka kwana a hanya."

Gaskiyarsa. Man gyaɗa yana da dogayen asid biyu da yawancin mayuka ba su da su sosai: behenik mai kabon 22 da liginoserik mai kabon 24. Na tsayar da gudun kafin su iso, tandar ta huce suna cikin bututu, yau da ta ɗau zafi suka lallaɓo. Na gyara tsarin: a fara a digiri 160, a hau da digiri 4 kowane minti zuwa 230, a tsaya a nan minti goma sha biyar. Yanzu suna fitowa da tsini, kuma ashe su ne ma shaidar gyaɗar. Da ban tsira hegzen ɗin nan ba, da na rubuta sakamakon man gyaɗa babu tambarin gyaɗa a jikinsa.

Litinin, 22 ga Janairu

Man kasuwa. Falmitik ya haura kashi ɗaya cikin uku na duka, alhali a man gyaɗa na ainihi da ƙyar yake wuce kashi 14 cikin ɗari. Behenik da liginoserik sai an ƙura ido. Wannan fasalin ruwan man ja ne da aka tace aka cire masa launi. Na maimaita sau uku, haka.

Ban yi saurin kiran abin algus ba. A bakinmu yanzu duk wani farin mai na girki man gyaɗa ne, ko na waken suya ne ko na kwakwar manja. Mai shagon ƙila abin da kowa ke faɗa ya faɗa. A rahoto zan rubuta abin da na'ura ta nuna da sunan da aka sayar mini da shi, in tsaya nan.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Man kaɗe ya ba ni kunya. Na narkar da shi a ruwan ɗumi, na auna, na bi hanyar da na bi da man gyaɗa ƙafa da ƙafa. Da na girgiza, maimakon ya washe sai ya yi kauri, da na ƙara ruwan gishiri kuma wani farin kumfa ya tsaya tsakanin sama da ƙasa ya ƙi rabuwa. Na juya kwalbar a hasken taga, na gane abin da nake kallo, domin na sha ganinsa a tukunyar masu sabulun salo: mai ya haɗu da ruwan toka. Sabulu na dafa a kwalbar gwaji.

Dalilin a fili yake da na zauna na yi tunani. Man kaɗen gargajiya ba dukan asid ɗinsa ne ke rataye a giliserol ba. In 'ya'yan sun daɗe a jibge da danshi kafin a dafa su a shanya, sai wani kaso ya tsinke tun a cikin ƙwaya. KOH kuwa ba ya sa wa tsinkakken asid hula, sabulu yake mai da shi, ya kuma haifar da ruwa a cikin haɗin, ruwan ya ƙara dagula lissafi. Na auna tsamin man da fenolftalin, sinadarin da ke canza launi, bayan la'asar: tsinkakken asid ya kusa kashi 7 cikin ɗari. Man Gwaggo bai kai rabin kashi ɗaya ba, shi ya sa ya wuce lafiya.

Talata, 6 ga Fabrairu

Malam ya ce kada in gaya masa, in nuna masa. Na ɗauki man Gwaggo na zuba masa tsinkakken asid ɗin magarik, mai kabon 17, wanda man gyaɗa ba shi da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na yi masa hanyar KOH. A allo, wurin da tudun 17 zai tsaya kusan fili ne fetal. Asid ɗin da na auna da hannuna na zuba, ya ɓace ba ko sallama, kuma sauran tuddan sun fito da kyansu kamar ba abin da ya faru.

Wannan ne ya tsorata ni fiye da kumfan ranar Juma'a. Kumfa aƙalla yana nuna kansa. Nan kuwa hoton ya yi kyau, jimilla ta cika ɗari bisa ɗari, domin kwamfuta abin da ya iso gare ta take rabawa ɗari. Abin da ya maƙale a ruwan gishiri ba ta san da zamansa ba.

Daga yau kowane samfur zai tafi da 'yan rakiya biyu da aka auna. Ɗaya mai kabon 19 wanda ya riga ya sa hularsa, shi ba ruwansa da dahuwa, allura da kwasa kawai yake shaida. Ɗayan mai kabon 17 a rataye a giliserol, wanda sai an tsinke shi an sa masa hula kamar kowa. In 17 ya gaza 19, dahuwar ba ta nuna ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Hanyar da littattafai suka fi ambata wa irin wannan mai ita ce ta wani sinadari da ake kira BF3 a metanol, wadda Metcalfe da Schmitz suka fitar a 1961, Morrison da Smith suka faɗaɗa ta a 1964 da mai ƙarfin kashi 14. Ana fara dafa man da NaOH, ɗan'uwan KOH, a metanol har ya zama sabulu duka, da gangan wannan karon, sannan BF3 ya sa wa kowa hula cikin 'yan mintuna.

Akwai kwalba ɗaya a kabad. Ba a firji take ba, takardar jikinta ta koɗe, ruwan ya yi launin shayi. Na gwada ta da man Gwaggo tunda na san fuskarsa. Linoleyik ya ragu, wasu ƙananan tuddai da ban san su ba suka tsiro bayan masu kabon 18. Halin tsohon BF3 ke nan: yana cin asid masu ɗauri biyu, ya liƙa musu metanol a tsakiyar jiki. Sabuwa sai an yi oda, kuɗinta kuma ya fi abin da ya rage a aljihun aikin. Na rufe ta na rubuta mata "kada a taɓa".

Wani ɗan ajinmu ya kawo shawarar dayazometen, wai cikin daƙiƙa yake gama da tsinkakken asid. Baba bai ma bari ya rufe baki ba. Abu ne mai guba da ke iya fashewa daga ɗan kaushin gilashi, ga fankar akwatin zuƙe hayaƙinmu sai ta ga dama take juyawa.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na koma hanyar HCl, wato asid ɗin haidirokulorik, wadda wasu masana biyu na Japan, Ichihara da Fukubayashi, suka wallafa a 2010. Abin da ya ja ni gare ta, da HCl na kwalba da ke kowane ɗakin gwaji ake yinta. Ana sirka mililita 9.7 nasa da 41.5 na metanol, a sami mai ƙarfin kashi 8. Sai ɗan mai kaɗan a mililita 0.2 na toluwin, metanol 1.5, ruwan HCl ɗin 0.3. HCl ba ya zaɓe: da na rataye da tsinkakke duk yana sa musu hula. Aibinsa nawa. Ko dai a bar shi ya kwana a digiri 45, ko a ba shi awa guda a digiri 100.

Na zaɓi kwanan, don na ga ya fi taushi. An ɗauke wuta cikin dare, ba a ta da janareta ba sai safe, na tarar da bahon ruwan ya yi sanyi ƙalau. 'Yan rakiyata suka tona asiri: 17 bai kai biyu bisa uku na 19 ba. Da babu su da na karɓi sakamakon hannu biyu.

Yau na yi ta digiri 100 da rana, lokacin da janareta ke aiki. Metanol a digiri 65 yake tafasa, saboda haka komai ya dogara ga murfi. Na ja layi da alƙalami a jikin kowace kwalba daidai bakin ruwan kafin in ɗora. Bayan awa ɗaya biyar suna kan layinsu, ɗaya ta sauka da faɗin yatsa, ga wari yana tashi daga wuyanta. Ita na zubar, murfin kuma na jefa shi a shara don kada ya sake zagayowa.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Man kaɗe ya samu. 17 da 19 sun yi kunnen doki a maimaici uku, tsinkakken magarik da na zuba a man Gwaggo shi ma ya bayyana. Siteyarik da oleyik su biyu sun kwashe kusan tara cikin goma, kusan kai ɗaya, saura ɗan falmitik, linoleyik da arakidik. Jimillar asid a kowane giram ta fi wadda KOH ya ba ni, kuma ratar ta yi kusa da tsamin da na auna ranar 2 ga wata.

Yawan siteyarik ɗin nan shi ne ke sa man kaɗe daskarewa a kwano ya narke a tafin hannu. Babbar ƙwayarsa siteyarik biyu ce a gefe da oleyik a tsakiya, irin ginin da ke cikin man koko, abin da ya sa masu cakulan a Turai ke sayensa. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarda a sa har kashi 5 cikin ɗari na wasu mayuka shida a cakulan, kaɗe na cikinsu.

Wata wahalar kuma: man kaɗe yana ɗauke da kaya masu yawa da ba asid ba ne, irin su lufiyol da amirin, waɗanda ke bin hegzen su shiga sirinji amma ba sa tashi. Bayan allura goma sha biyu tuddai suka fara jela. Baba ya zaro 'yar gilashin bakin allurar, ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce daga yau in tace samfurin kaɗe ta ɗan silika kafin in kawo masa, in ba haka ba ni zan riƙa sayen gilashin.

Alhamis, 7 ga Maris

Na shigo da niyyar mai da HCl hanyar kowa da kowa, in huta. Man kuka ya hana.

Na yi masa hanyoyin biyu gefe da gefe. A ta KOH akwai ƙananan tuddai a unguwar masu kabon 18 da ba sa cikin gaurayen 37. A ta HCl sun ɓace, wasu guntaye barkatai sun maye gurbinsu. 'Ya'yan kuka, kamar na auduga, suna da asid masu wani ɗan zobe na kabon uku a tsakiyar jiki, malbalik da sitakulik. Zoben a takure yake, da ya ji HCl mai zafi sai ya ɓalle. Wato hanyar da ta ceci man kaɗe ita ce ke rusa abin da ya bambanta man kuka da sauran.

Na kai wa Malam hotunan biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ke nan kowane mai da tasa hanyar?"

Ya ce in fara auna tsamin kowane samfur kafin in taɓa shi, in kuma karanta abin da aka sani game da itacen, sannan in zaɓa. Man kukan tsaminsa kaɗan ne, don haka KOH. Za mu aika esta ɗin a duba nauyinsu a GC-MS, wato GC mai haɗe da na'urar auna nauyin ƙwaya: sitakulik mai hula 308 ne, malbalik kuwa 294, daidai da linoleyik, saboda haka shi sai an haɗa da lokacin fitarsa.

Litinin, 11 ga Maris

An tashi da azumi, zafi kuma ya sauka gaba ɗaya. Hegzen a digiri 69 yake tafasa, amma a ɗakin nan 'yar kwalba in an huda robar murfinta sau ɗaya, kafin azahar ta ragu. Kason tuddai ba ya canzawa sosai tunda akwai ɗan rakiya, sai dai samfurin yana yin kauri har oleyik ya cika bututu ya karkace. Yanzu bayan asuba nake shigowa, in gama allura kafin sha ɗaya, kwalabe kuma suna firji sai lokacinsu ya yi.

Laraba, 20 ga Maris

Man shanu. Ɗanye ne, da ruwansa da tsamin nononsa, sai da na narkar da shi a digiri 50 na tace ta sodiyum salfet har ya zama garai-garai kamar soyayye.

Abu uku suka canza. Ɗan rakiya mai kabon 17 ya zauna a gida, domin man shanu yana da nasa 15 da 17 na gado, daga ƙwayoyin halittar da ke tumbin saniya. Na biyu, HCl mai zafi yana jirkita wani nau'in linoleyik na musamman da ke cikin kitsen dabbobi masu tuƙa, don haka KOH, tsinkakken asid kuma a auna shi daban. Na uku shi ne butirik, mai kabon 4, wanda ke ba man shanu warinsa in ya kwana biyu. Da hularsa a digiri 102 yake tafasa, yana kuma ɗan narkewa a ruwa. A gwajin farko na busa wa samfurin naitirojin don ya yi kauri, yadda na saba, butirik ya bi iska. A na biyu ban busa ba, ban wanke da ruwa ba, na kashe KOH da garin sodiyum baisalfet, na fara tanda daga digiri 50. Ya fito a gindin tudun hegzen, kamar ɗan da ke riƙe da zanen uwarsa.

Tudun nasa ma yana rage masa girma. Harshen wutar haidirojin da ke ƙarshen bututu yana ƙirga abin da ya fito ba ya ganin kabon ɗin da ke riƙe da iskar oksijin biyu. A siteyarik ɗaya ne cikin 19, ba a ji. A butirik ɗaya ne cikin 5, ga oksijin ya cinye kusan sulusin nauyinsa. Dole a ninka faɗin tudunsa da lambar gyara da aka samo daga gauraye sananne.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Inda aka kwana: man Gwaggo da na kasuwa, KOH, maimaici uku-uku, an gama. Man kaɗe, HCl a digiri 100 da tacewar silika, an gama. Man kuka yana jiran amsar GC-MS, kwalabe biyu sun tafi jiya a cikin kula da ƙanƙara. Man shanu maimaici ɗaya kawai nake da shi mai kyau, lambar gyaran butirik da kaforoyik mai kabon 6 kuma ban gama fitar da ita ba.

Hannun ma'aunin tukunyar haidirojin ya kusa kwanciya. Baba ya ce abin da ya rage zai kai allura takwas in ba a yi ɓarna ba, sabuwa kuma sai bayan Sallah. Na raba su: biyu na gaurayen 37, ɗaya hegzen zalla, huɗu man shanu, ɗaya ajiya. Gwaggo ta aiko a tambaye ni ko na gama da kwalbarta, tana so ta zuba man Sallah.